Tambayi Goggo Ungozoma: Me Ke Koɗar Mini da Kamfai?

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo. Ni amarya ce a Garwa, wata 7 da aure. Baƙaƙen kamfai da aka sa mini a lefe duk sun koɗe daga tsakiya, wurin ya yi ja-ja kamar an ɗiga masa ruwan javel, wato bilic. Ba ƙaiƙayi, ba wari. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne ya yi mini yawa, ta kawo mini haɗin alim da bagaruwa in riƙa matsi. Yau kwana 10 ina yi, ga shi na fara jin raɗaɗi. Kunya nake ji maigida ya gani.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Haɗin nan ki zubar da shi yau, kafin ma ki gama karanta amsata. Raɗaɗin da kike ji shi ya jawo miki, domin alim yana busar da fatar ciki har ta tsattsage.

Koɗewar kuwa alamar lafiya ce. A gaban yawancin mata baligai akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira laktobasilus, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Aikinsu su sa wurin ya yi tsami don kada miyagun ƙwayoyi su samu wurin zama. A ma'aunin tsami na pH, inda lamba ke raguwa in tsami ya ƙaru, ruwan sha yana kan 7, gaban mace mai lafiya kuma tsakanin 3.8 da 4.5, wato kusan tsamin kindirmon da 'yan Fulani ke tallansa. To ruwan da ke fitowa daga gaban mace in ya daɗe yana taɓa baƙin yadi, dole rini ya saki. Farin kamfai kuma rawaya-rawaya yake yi in ruwan ya bushe.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da kamfai uku ƙulle cikin baƙar leda, ta tura mini su ta ƙarƙashin tebur tana hawaye, wai kishiya ce ta yi mata sammu. Na duba ta, lafiyarta ƙalau. Da ƙyar ta yarda, don ta riga ta kashe kuɗin adashenta wajen masu magani.

Mu mata komai muka gani sai mu ce sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta. In ruwan ya yi kauri fari kamar dagargajajjen awara, ga ƙaiƙayi mai hana barci, wannan yis ne, ana ba da kulotirimazol na matsawa. Yakan addabi masu ciki da masu ciwon suga. In ya tsinke ya yi toka-toka yana ƙarnin kifi, musamman bayan kwanciya da miji, to ƙwayoyin kirkin nan ne suka ragu, kuma sau da yawa matsi da cusa sabulu ne ke kashe su. Metronidazol ake sha. In kore-kore ne mai kumfa, sai an haɗa da maigida wajen magani, in ba haka ba ki warke ya sake mayar miki. Kada ki tsaya wajen mai tallan magani a kasuwa ki ce a ba ki na sanyi, ki je a auna ruwan tukuna.

Akwai wanda nake yawan tuna wa matan yankinmu saboda Binuwai da dam ɗin Lagdo: tsargiya. Kowa ya san ta da fitsarin jini a yara maza, amma tana kama mahaifa da gaban mace, ta kawo ruwa da ɗigon jini bayan saduwa. Wadda ta tashi tana wanki ko wanka a rafi, ta yi ta shan maganin sanyi bai ji ba, ta faɗa wa likita wannan. Maganinta farazikwantel. Jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, shi ma ba a zama da shi, a je a duba bakin mahaifa. Ɗan baƙi-baƙin da ke biyo ƙarshen al'ada kuwa tsohon jini ne kawai.

Tsarki da ruwa zalla ya isa, daga waje, daga gaba zuwa baya. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ki bar kamfai na leda, ki nemi na auduga, ki canza in kin yi gumi. Da kin cire ki ɗauraye da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama tabon jini yake yi. Kuma don Allah a daina shanya shi bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa saboda kunyar dangin miji. Ki sa shi a igiya a rana, ki yafa masa siririn mayafi in ya zama dole.

In kin daina matsin raɗaɗin bai lafa ba cikin 'yan kwanaki, ki je asibiti a duba ki. Maigida kuwa in ya tambaya, miƙa masa wannan shafin ya karanta da kansa.