Me ya sa attaruhu yake ƙona hannu alhali ba wuta ba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Duk ranar da na yi jajjagen attaruhu, hannuwana sukan wuni suna raɗaɗi kamar na dafa garwashi. Idan na tsoma su cikin ruwan sanyi sai abin ya lafa, da na fitar sai ya dawo, ruwan ɗumi kuwa ƙara shi yake yi, amma ko alamar ƙuna babu a fatar. Mene ne yake faruwa, kuma yana yi mini illa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hannunki bai ƙone ba, jijiyoyinki ne aka yaudara, kuma bayanin yadda aka yaudare su shi ne bayanin yadda jiki yake jin komai.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyoyin jini da hanyoyin saƙo, to a nan na biyun nake nufi. A cikin fata akwai bakunan siraran jijiyoyi masu ɗimbin yawa, kowane rukuni da aikinsa: wasu taɓawa da matsi suke ji, wasu sanyi, wasu ɗumi, wasu kuma ba sa motsawa sai abu ya kai ga cutar da jiki. A jikin waɗannan na ƙarshe akwai wani furotin da masana suka sa wa suna TRPV1, wanda yake aiki tamkar ƙyauren ƙofa. A rufe yake zama, sai zafin da ya taɓa fata ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wato inda zafi yake fara barazana ga naman jiki, sannan ya buɗe. Da ya buɗe sai sinadaran sodiyam da kalsiyam su kwarara cikin jijiyar, su tayar da ɗan motsin lantarki, wannan motsi ya bi jijiyar hannu zuwa lakar baya, daga nan ya hau zuwa wata matattara a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, ita kuma ta miƙa shi ga sashen da yake tantance wurin da abu ya taɓa da kuma tsananinsa.

Abin lura shi ne saƙon da yake tafiya a jijiya ba ya ɗauke da sunan abin da ya tayar da shi. Ƙwaƙwalwa tana duba layin da saƙon ya biyo ne, idan ta layin ƙuna ya zo sai ta yanke hukuncin cewa ƙuna ce. Barkono da attaruhu suna ɗauke da wani sinadari mai suna kafsaisin, wanda ya fi taruwa a farin naman ciki da 'ya'yan suke manne a jiki, kuma siffarsa ta dace da wannan ƙyaure kamar yadda makulli yake dacewa da kwaɗo. Yana manne masa sai ya buɗe shi ba tare da wata wuta ba. Ke nan raɗaɗin da kike ji na gaskiya ne, ba tunani ba, domin daidai yake da saƙon da garwashi zai aika, sai dai babu naman da ya dahu. Na daɗe ina ganin Bahaushe ya riga masana gane wannan, tunda kalma ɗaya yake amfani da ita ya ce wuta tana da zafi, yaji yana da zafi, ciwo ma yana da zafi.

Wani masani ɗan Amurka, David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, shi ne ya gano wannan furotin tare da abokan aikinsa a shekarar 1997, kuma da kafsaisin ɗin suka yi farautarsa. A 2021 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut, wanda ya gano furotin masu jin matsi da taɓawa. Sanyi ma yana da nasa ƙyauren, TRPM8, wanda sinadarin mantol na na'ana'a yake buɗewa, shi ya sa idan kika tsotsi alawar TomTom kika sha ruwa sai ki ji kamar daga firji aka ɗauko shi.

Batun ruwan sanyi da na ɗumi shi ne ya fi burge ni a tambayarki, domin gwaji kika yi ba ki sani ba. Muddin kafsaisin yana manne da ƙyauren, yakan sauko da matakin zafin da ake buƙata kafin ya buɗe, har ɗumin fatarki na yau da kullum ya isa ya riƙe shi a buɗe. Ruwan sanyi yana saukar da zafin fatar ƙasa da wannan sabon mataki, sai ƙyauren ya rufe, raɗaɗi ya lafa. Amma ruwan bai wanke komai ba, saboda kafsaisin ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa, don haka da hannun ya koma ɗuminsa sai a koma gidan jiya. Ruwan ɗumi kuwa ƙara wa wuta makamashi ne.

A baki ma haka abin yake. Yaji ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami, saƙonsa ta babbar jijiyar fuska mai rassa uku yake bi, wadda take kai rahoton ciwon haƙori. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi, sai ta saki gumi, ido ya kawo ruwa, hanci ya fara zuba. Tsuntsaye kuwa nasu furotin ɗin ba ya amsa wa kafsaisin, suna cin barkono hankali kwance, su kai irin wani wuri su yar.

Game da illa, jajjagen girki ba ya lalata fatar hannu mai lafiya, raɗaɗin yakan gushe da kansa cikin sa'o'i. Abin da ya fi dacewa shi ne ki sa safar roba ko ki ɗaura leda kafin ki fara. Idan kuma ya riga ya taɓa ki, ki murza man gyaɗa ko man ja a hannun sosai domin ya narkar da sinadarin, sannan ki wanke da sabulun wanke-wanke, ki maimaita sau biyu ko uku. Tsoma hannu cikin nono ko madara mai sanyi ma yana taimakawa, domin maiƙonsu da furotin ɗin da ke cikinsu suna janye kafsaisin. Ki kiyaye idonki da fuskar jariri har sai kin tabbatar hannun ya fita.

Raɗaɗin da ya kamata ya kai ki asibiti shi ne wanda yake zuwa babu barkono, musamman a tafin ƙafa da dare, tare da jin kamar ana tsira allura ko mutuwar yatsu. Wannan yakan nuna jijiyar ce da kanta ta samu matsala take aika saƙon ƙarya, kuma ciwon sukari yana cikin manyan dalilansa, sai ƙarancin bitamin B12. Duk wanda yake jin haka ya je a auna masa sukarin jininsa, a kuma duba ko tafin ƙafarsa yana jin taɓawa yadda ya kamata.