Amsa ga mai tambaya kan rubuta littafin yara da zana hotunansa

'Yar'uwa, kin tambaya ko mutum ɗaya zai iya rubuta littafin yara ya kuma zana hotunansa da hannunsa, ganin cewa kamfanoni biyu sun dawo miki da naki. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma duk sa'ad da aka yi mini irin wannan tambaya, Beatrix Potter ta Ingila ce ke faɗo mini a rai.

An haife ta a Landan a 1866. Labarinta na zomo, Peter Rabbit, daga wasiƙa ya faro. A 1893 ta rubuta wa ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya, ta zazzana zomaye a tsakanin rubutun domin ta ɗebe masa kewa. Da ta mayar da wasiƙar littafi, kamfanoni da dama suka ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗin aljihunta a 1901. A 1902 kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da launi, ɗan ƙarami yadda hannun yaro zai riƙe.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, tun tana yarinya take kiwon zomaye da ɓeraye da bushiya a gida tana zana su, shi ya sa ko da ta sa wa zomonta shuɗiyar riga, ƙafafunsa da zamansa na zomo ne sak. Yara ba sa yafe kuskure a nan. Na taɓa zana akuya a allo ina ba 'yan aji biyu labari, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, wannan ai tunkiya ce, jelarta ta kalli ƙasa." Gaskiyarsa ne, kuma daga nan hankalin ajin ya bar labarin ya koma kan jela.

Saboda haka kafin ki sake tura aikinki ko'ina, ki zaɓi yaro ɗaya da kika sani, ki karanta masa a bayyane, ki sa alama a duk shafin da idonsa ya bar takarda. Dabbar da ke cikin labarin kuwa, ki ɗauki fensir ki zauna kusa da turke ki zana ta tana tuƙa, tana kwance, tana sosa jiki.