Littafin zuri'a: abin da ake rubutawa da abin da ake bar wa mai shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yata, saƙonki ya iso ni, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da sauran 'yan uwa da ke can Abuja. Mu nan Jos lafiya ƙalau muke, alhamdu lillahi.

Kin ce 'yan uwanki sun ɗora miki aikin tattara sunayen zuri'ar Malam, kakanku, tun daga 'ya'yansa har zuwa tattaɓa-kunne, kuma wasu sun kawo shawarar a ware shafi inda za a riƙa sa sunayen matan da ke da juna biyu da watan da ake sa ran za su sauka, domin a shirya gudummawa da wuri. Kin kuma ce kina ganin yadda mutane ke bibiyar gidajen manyan malamai a Facebook, suna lissafin wadda ta haihu da wadda ke da ciki da yawan jikokin da aka kai, shi ne kike tambaya ko al'adarmu ta yarda da wannan. Amsata ita ce ki rubuta haihuwa, ki kyautata rubuta ta, amma kada ki buɗe shafin masu ciki.

Rubuta haihuwa tsohon aiki ne a gidajen malamai. Domin an kiyaye nasaba ne ya sa har yau muka san cewa an haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ya rasu a 1817, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 tare da ɗan uwanta Hassan, tagwaye ne. Kakanku ma, tun zuwansa garin nan zamanin da haƙar kuza ke jan mutane daga Kano da Zariya da Bauchi, yana da takardu a ƙarshen littafinsa na fiƙihu da ke cikin gafaka, inda yake rubutawa da ajami. Idan an yi haihuwa ba ya taɓa alƙalami sai ranar suna, bayan an raɗa wa jariri suna, an yanka rago, wanzami ya yi aski. Sannan zai jawo tawada ya sa sunan yanka, da sunan uwar, da ranar mako, da watan Musulunci. Layi ɗaya ne ga kowane ɗa, kuma idan yaro ya koma, sai ya ƙara addu'a a gefen layinsa, ba ya goge shi.

Mata kuwa, da yake yawancinsu ba sa rubutu a lokacin, da sunaye suke riƙe nasu lissafin. Wadda aka kira Laraba ko Talatu ko Jummai, an san ranar da ta zo duniya. Azumi da Ɗan'azumi an san watansu. Gambo an san tagwaye yake bi. Tanko namiji ne da ya zo bayan mata, Kande kuma mace ce da ta zo bayan maza. Audi an san bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Shekara kuma da abin da ya faru ake riƙe ta. Tsohuwa za ta ce miki an haifi wance shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, wato 1973, ko shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976. Idan kin ji irin wannan, ki rubuta shi yadda ta faɗa, sannan ki sa shekarar a gefe.

Dalilin wannan kulawa haƙƙi ne. A gidan da mutum yake da mata huɗu, ga waɗanda suka fita da waɗanda suka rasu, idan ba a san wane ɗan wace ba ne, rabon gado yakan rikice, domin shaƙiƙi da ɗan uba ba matsayinsu ɗaya ba wajen gadon ɗan uwa. Akwai kuma abin da na fi jin tsoro a kansa, wanda ban ga kin ambata ba, wato shayarwa. A gidajenmu na da, idan mai jego ta kwanta ciwo ko ta rasu, kishiyarta ko matar ƙanen miji takan ɗauki jaririn ta ba shi nono, ba tare da an ɗauki abin da wani nauyi ba. A mazhabar Malikiyya kuwa, ko sau ɗaya nono ya kai cikin jariri a shekara biyun farko, ya zama ɗan wannan matar, 'ya'yanta duka sun zama 'yan uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. Mu kuma gida ne da ake yawan auren zumunci. Na san gidan da sai da aka kai kayan lefe sannan wata tsohuwa ta tuna cewa ita ta ga lokacin da uwar yarinyar ta shayar da yaron, aka fasa auren ana kuka. Da tsohuwar ta riga mu gidan gaskiya kafin ranar, da an ɗaura. Saboda haka ki buɗe wa shayarwa shafinta daban, ki fara da shi tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye.

Ciki kuwa hukuncinsa a al'ada daban ne. Mace ba ta shelar cikinta, ko uwarta ma sau da yawa ganewa take yi, ba gaya mata ake yi ba, kuma mai cikin fari takan yi ta ɓoyo da babban mayafi har watan da za a kai ta gidansu goyon ciki. Wani ɓangaren wannan kunya ce, irin kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Wani ɓangaren kuma tsoron baki ne, kuma wannan tsoron yana da tushe a addini, domin ya tabbata a hadisi cewa kambun baka gaskiya ne, malaman tafsiri kuma sun bayyana cewa shi ne abin da Annabi Yakubu ya ji wa 'ya'yansa tsoro lokacin da ya umarce su su shiga Masar ta ƙofofi daban-daban. Daga nan ne za ki gane abin da ya sa idan aka tambayi dattijuwa yawan 'ya'yanta takan ce sai godiyar Allah, ta ƙi faɗin adadi.

Amma dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne tausayi. Ba kowane ciki ne yake kai wa haihuwa ba. Matar da ta yi ɓari a wata na uku, idan mutum biyu ne suka san da cikin, mutum biyu za su jajanta mata, ta huta. Idan kuwa sunanta yana cikin jerin da dangi ɗari suka gani a waya, to, za ta yi wata shida ana tare ta a biki da suna ana tambayarta ko an kusa. Ki kuma tuna da matar ɗan uwanki da ta shekara da shekaru a ɗaki Allah bai ba ta ba, yadda za ta ji duk lokacin da aka sabunta jerin ba sunanta, da kishiyoyin da za a mayar da haihuwarsu gasa. Gudummawar da ake son shiryawa ba ta kai a sayo ta da wannan ba, kwana bakwan da ke tsakanin barka da suna sun isa a haɗa atamfa da sabulu da kayan jariri, haka aka saba yi.

Kada ki fahimci cewa ɓoyon ya shafi kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Matar da aka saka ko wadda mijinta ya rasu, wajibi ne ta bayyana cikinta, domin iddarta ba ta ƙarewa sai ta haihu, kuma a Malikiyya ana dakatar da rabon gado har abin da ke cikin ya fito. Haka nan asibiti. Ina jin takaicin yadda wasu yaranmu ke fakewa da kunya su ƙi zuwa awo sai ciki ya tsufa, alhali hawan jini da ƙarancin jini tun da wuri ake gano su a magance. Miji da uwa da ma'aikaciyar awo, waɗannan su sani tun farko.

Game da masu bibiyar gidajen malamai, na san da yawansu ƙauna ce ke sa su, suna ganin yawan zuri'ar malami da yawan mahaddata a cikinta alama ce ta albarka. Idan gidan da kansu suka sanar da haihuwa suka gayyaci jama'a suna, sai a yi musu barka, a yi addu'a Allah ya raya. Amma duban hoton surukar malami a wurin walima ana kintatar ko ciki ne da ita, wannan binciken sirri ne da Suratul Hujurat ta hana. Malamin ne ya fito ya zauna a gaban jama'a yana karantarwa; matansa da 'ya'yansa mata da matan 'ya'yansa ba su fito ba, kuma shaharar mahaifi ba ta cire musu haƙƙin sutura. Ita ma gasar cewa gidan shehinmu ya fi gidan naku yawa, ki karanta Suratut Takasur ki ga inda ta dosa.

Abin da ya rage shi ne na hukuma. Tun dokar 1992 rajistar haihuwa wajibi ce a Najeriya, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Ki matsa wa iyaye su karɓa tun jariri yana cikin zanen goyo, domin makaranta da fasfo da lambar ɗan ƙasa duk za su neme ta. Ki kuma ajiye littafin a wuri fiye da ɗaya, domin mu da muka ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan mun san gidajen da takardunsu suka ƙone ƙurmus. Cikakkun ranakun haihuwa kada su fita daga hannun mutum biyu ko uku da aka amince da su, saboda 'yan damfara.

Idan Allah ya kai mu hutun salla, ki zo da littafin da biro, mu fara da ɗakin kakarku ta Gangare, domin ita ce ta rage cikin waɗanda suka san wa ya sha nonon wa. Ki gaida maigidanki da yara.

Gwaggonki.