Mai duba gida zai zo: me zan gyara, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio a Amurka. Mun sa gidanmu a kasuwa, mun daidaita da mai saye, kuma mako mai zuwa mai duba gida zai zo. Ginin 1972 ne, akwai kuma tabon ruwa a silin ɗakin yara. Wani abokina ya ce in shafe shi da fenti kawai. Me ya kamata in yi kafin ranar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a cinikin.

Bari mu fara da shawarar abokinka: kada ka ɗauke ta. Masu duba gida, wato waɗanda mai saye ke ɗauka su binciki lafiyar gini kafin a kammala ciniki, suna yawo da na'urar auna danshi, kuma za su leƙa ƙarƙashin rufi su ga katakon ta sama, inda fentinka bai kai ba. Da zarar mai dubawar ya ga sabon fenti a kan jiƙaƙƙen wuri, zai rubuta, mai saye kuma zai fara zargin duk sauran gidan. Ban da haka, dokar Ohio ta wajabta wa mai sayarwa cike takardar bayyana aibun da ya sani, ciki har da yoyon rufi da shigar ruwa. Wanda ya ɓoye da gangan, ana iya maka shi kotu ko bayan ya miƙa makulli. A wajenmu ma sunan wannan algus. Kira mai gyaran rufi ya gano inda ruwan ke bi, ya toshe, ya ba ka rasit. Bayan wurin ya bushe ka yi fentinka, ka ajiye rasit ɗin a teburin kicin ranar dubawa.

Sai abin da na fi son ka riƙe. Mai duba gida da ido yake aiki. Ba ya jan kujera, ba ya ɗaga kwali, ba ya kunna abin da ya tarar a kashe daga tushe. Duk inda bai samu hanya ba, zai rubuta cewa ba a duba ba, mai saye ya nemi a sake dawowa, lokaci ya ƙure muku. Mutanenmu a nan suke faɗawa, domin garejinmu da ɗakin ƙasa sun zama rumbun kayan da za a aika gida: ganguna, jakunkuna, akwatuna har rufi. Kwashe su. A bar fili kamar ƙafa 3 a gaban akwatin wutar lantarki, haka wajen tukunyar ruwan zafi da injin ɗumama gida. Buɗe hanyar hawa ƙarƙashin rufi, wadda galibi tana cikin kabad ɗin tufafi, ka kwashe abin da ke ƙarƙashin sinki. Wuta da ruwa da gas duk su kasance a kunne.

Ƙananan gyare-gyare ba sa cin kuɗi: ƙwan da ya mutu, famfo mai ɗiga, masai mai girgiɗi, matatar iskar injin ɗumama da ta yi baƙi. Share indararo, ka tabbatar ruwansa na zuba nesa da tushen gini. In kun ɗaura tiyon tsarki a bayi, shafa mahaɗinsa ka ji ko yana tsatsafa. Ga kuma wadda uwargida za ta gane: na'urar jin hayaƙi da aka cire wa batir saboda turaren wuta ko suya. A mayar. Wadda ta haura shekara 10 a sauya ta.

Manyan abubuwa kuwa, irin su sabon rufi ko sauya wayoyin gida, kada ka yi gaggawar kashe musu kuɗi yanzu. Jira rahoto.

Akwai ƙarin abu biyu game da gidan. Tunda an gina shi kafin 1978, dokar tarayya ta ce ka sanar da mai saye abin da ka sani game da fenti mai dalma. Sannan Ohio na da yawan iskar radon, mai fitowa daga ƙasa tana jawo kansar huhu. In za a gwada, a rufe tagogi awa 12 kafin a fara, su zauna a rufe har awa 48 na gwajin. Idan sakamakon ya kai 4 a ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA), ana sa bututu da fanka su fitar da ita.

Ran dubawa ku fita da yara, ku ba mai dubawa da mai saye awa 2 zuwa 4. Mai saye ne ya biya, shi ke da tambaya. Rahoton zai zo da shafuka masu yawa da hotuna, ko sabon gini ba ya tsira. Zauna da dillalinka ku ware abin da ya shafi ruwa, lantarki, gas da ƙarfin gini. A kansu ake ciniki: ko ka gyara, ko ka rage kuɗi, ko ka ce haka za a saya.