Wa ya ce maka gara yana da kama?

Kana tambayata wai yaya ake gane gara idan ya shigo shago, don a ɗora masa kuɗin ɗinki. A bakin yaran shagon can ka ji, ko? Wata huɗu kana nan, wuyan riga bai zauna maka ba tukuna, amma har ka fara neman wanda za ka yanka. Yaran yanzu ke nan, ba ku iya zare allura ba kun iya lissafin riba.

Sunayen ma ba ku san bambancinsu ba. Bagidaje daban, shi gari ne bai sani ba, amma ka taɓa kuɗinsa ka gani, zai kwance lalita ya ƙirga canjinsa sau uku a gabanka. Dolo da sauna da gaɓo haka Allah ya yi su, cutarsu ma abin kunya ne. Saniyar tatsa shi ne wanda ya saba da kai, kana ɗan ƙara masa kowace sallah yana sane, yana kawar da kai. Gara kuwa mai kuɗi ne da ke son a zuga shi, ka ce masa Alhaji wannan shaddar don jikinka aka saƙa ta, sai ya zaro. Wanda nake tsoro duk cikinsu shi ne wanda ake kallo a ce "bawan Allah".

A 2016, shekarar da dala ta haukace kaya suka yi tashin gwauron zabi a Kantin Kwari, wani ya shigo min nan Fagge ana saura sati uku babbar sallah. Silifas ɗin roba, hula ta koɗe, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar suruki. Wai 'yarsa zai aurar bayan sallah, yana son babbar riga 'yar ciki da wando har saiti takwas na 'yan uwa. Na faɗi kuɗi, na ɗora abin da na ɗora, ko tayi bai yi ba. Maƙwabcina ya leƙo ya kashe min ido, wato gara ya faɗo.

Sai mutumin ya ce, "Malam, ni ban san shadda ba, kar a cuce ni a kasuwa. Kai ne masani, ka sayo min." Kaina ya kumbura. Ya ajiye kafin alƙalamin da bai kai kuɗin saiti ɗaya ba, na tafi Kwari na karɓo shaddar Getzner bashi a wurin mutumin da muka shekara goma muna hulɗa. Yadi goma kowane saiti, yadi 80 ke nan. Na ture ɗinkin mutanena na sallah gefe, na kai wa masu aikin wuyan riga, na biya su daga aljihuna. Kwana tara ina kwana a kan keke.

Ranar karɓa ya zo da adaidaita sahu, ya daddaɓa rigunan yana ta sa min albarka har da ƙwalla. Ya ce kuɗin na wurin yayansa a cikin gari, in haɗa shi da yaro. Na haɗa shi da wanda ke zaune a wannan bencin da kake kai. Suka shiga wani lungu, ya kwashi kayan ya ce wa yaron ya jira a zaure. Gidan ƙofa biyu gare shi. Tun la'asar yaron nan yake zaune har aka kira isha'i.

Keken aikina na sayar na biya mutumin Kwari, kuma har yau idan na je gaisuwarmu ba ta wuce ta baki. Uku daga cikin waɗanda na ture ɗinkinsu ba su sake tako nan ba. Layin nan kuwa, wata guda ina wucewa ana tari ana cewa "gara", wanda ya kashe min idon ma shi ya fi kowa dariya. Wannan na jure. Abin da ya fi ci min rai masu zuwa jaje ne, su dafa kafaɗata su ce "bawan Allah, tsautsayi ne". Ni da nake yanka babbar riga ba tare da na ɗora alli ba!

Kuɗin yadi dai a hannu, cif, kafin almakashi ya taɓa shi, ko da limamin unguwarku ne. Kuma kaya ba sa fita ƙofar nan da alkawari.

Tashi ka hura gawayin dutsen guga, wutar nan ba za su kawo ta yau ba. Kaftanin Alhaji kuma warware wuyan za ka yi, ya karkace.