Likita Na Amsa Tambayoyinku: Shukar Monstera a Cikin Gida

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara biyu ya tauna ganyen monstera, shukar adon nan mai faffaɗan ganye mai huji-huji. Ya yi ta kuka, miyau na dalala. Guba ce?

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Monstera dangin gwaza ce. Asalinta dazukan kudancin Meziko zuwa Panama, inda take hawa bishiyoyi, saiwoyinta na reto a iska. Ganyenta da karanta cike suke da sinadarin kalsiyam okzalet, wanda siffarsa kamar allurai ne ƙanana da ido ba ya gani. Da yaro ya tauna sai su soki leɓe da harshe. Raɗaɗin ne ke sa ya tofar da wuri, shi ya sa ba kasafai abin ke tsananta ba.

Ki cire sauran ganyen daga bakinsa, ki goge da tsumma mai tsabta da kika jiƙa, ki ba shi ruwan sanyi ko madara kaɗan-kaɗan. Don Allah kada ki sa shi amai, sake bi ta maƙogwaro ƙarin rauni ne. Idan harshe ya kumbura, murya ta dishe, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ku wuce asibiti nan take, ki riƙo ganyen. Tukunyar kuma a ɗauke ta daga inda hannunsa ke kaiwa.

Tambaya: Ina yanke reshenta sai ruwan ya fantsamar min a ido.

Amsa: Malam, kada ka murza. Ka wanke da ruwa mai tsabta har minti 15. In ja da zafi ba su lafa ba, ko gani ya dushe, ka ga likitan ido a ranar. Nan gaba ka sa safar hannu.

Tambaya: Gaskiya ne irin waɗannan shuke-shuke na tace iskar ɗaki?

Amsa: Maganar ta samo asali ne daga binciken NASA, hukumar nazarin sararin samaniya ta Amurka, a 1989, amma a cikin akwatuna rufaffu aka yi gwajin. Wani nazari na 2019 ya nuna sai an jera tukwane 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ke yi. Ni ma ina son ganinsu a ɗaki, amma mai asma ya buɗe taga, ya kuma kula kada ƙasar tukunyar ta yi fumfuna saboda yawan ban ruwa.