Amsa ga mai son yin bincike kan memrista da kwamfuta mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka gama digirin injiniyan lantarki, kana son ka ci gaba da bincike kan memrista, wato ƙaramar na'urar lantarki mai tuna turjiyarta ga wuta ko bayan an kashe ta, shin da koyon ƙirƙirarriyar basira za ka fara? A ganina a'a. Fara da ilimin semikondakta da ƙididdiga, domin rabin aikin nan awo ne da maimaita awo.

Dalilin fannin a taƙaice: kwamfutar yau tana ƙona wuta mai yawa wajen jigilar bayanai tsakanin ma'ajiya da inda ake lissafi, alhali ƙwaƙwalwar mutum da kimanin wat 20 take aiki. Da memrista kuwa a wuri ɗaya ake ajiya da lissafi. Leon Chua ya kawo hasashen memrista a 1971, sai a 2008 ayarin Stanley Williams na kamfanin HP suka nuna ta da titaniyum oksaid.

Wadda za ka fi cin karo da ita yanzu ta hafniyum oksaid ce, mai kaurin nanomita 5 zuwa 10, tsakanin faranti biyu na titaniyum naitiraid. Sabuwa ba ta barin wuta ta wuce. Sai an ba ta bolt 2 zuwa 4 a karon farko, oksijin ya gusa ya bar gurabe, guraben su haɗa siririyar hanya. A nan sabon ɗalibi ke kashe na'urori: idan bai sa wa injin awo iyakar wutar da za ta wuce ba, misali maikro'amfiya 100, hanyar sai ta yi kauri har ta ƙi yankewa. Ko da ya sa iyakar, cajin da ke kwance cikin wayoyin awo kan zarce ta na ɗan lokaci, shi ya sa ake haɗa kowace memrista da transista ɗaya a kusa da ita. Transistar kuma tana toshe wutar da ke sulalewa ta maƙwabta idan an jera su kamar saƙar tabarma, inda jerin da kansa ke yin lissafi: dokar Ohm ke yin sau a kowace memrista, dokar Kirchhoff ke tara wutar kowane layi.

Kada zanen sakamakon awo ɗaya mai kyau ya ruɗe ka. Hanyar ba ta sake haɗuwa yadda ta haɗu ɗazu, saboda haka turjiyar na bambanta daga kunnawa zuwa kunnawa, daga na'ura zuwa na'ura. Auna na'urori da dama, kowacce ɗaruruwan zagaye, ka zana yadda sakamakon ya bazu. Don gwada riƙon bayani, a kan gasa su a zafin digiri 125 na Salsiyas ko sama, sannan a yi lissafin Arrhenius, mai nuna yadda zafi ke gaggauta lalacewa, a ga ko za su kai shekara 10 a digiri 85. Idan ka koma irin mai sauya siffa ta jamaniyum, antimoni da teluriyum, matsalarta daban ce: turjiyarta na hauhawa da kanta bayan an rubuta, nauyin da ka koya wa tsarin, wato lambobin da aka ajiye a matsayin turjiya, ya goce.

Wani abin da takardu da yawa ke tsallakewa shi ne da'irar da ke mayar da wutar zuwa lambobi, wadda sau da yawa ta fi jerin memristar cin wuta da fili.

Idan babu ɗakin ƙera na'urori a jami'arka, sauke manhajar kwaikwayo ta NeuroSim ko aihwkit na IBM, duka kyauta ne, ka sa bambancin turjiyar nan cikin ƙaramin tsarin gane lambobi, ka ga inda daidaitonsa ke faɗuwa. Da wannan sakamakon za ka rubuta wa malamai a cibiyar bincike ta imec a Beljiyam, ta CEA-Leti a Faransa ko jami'ar KAUST ta Saudiyya. Kafin ka karɓi gurbi, tambaye su ko ɗalibi na taɓa injin awo da hannunsa. Allah ya taimaka.